Manhajar da Ba Ta Taɓa Faɗuwa Ba

Duk wanda bai taɓa ganin Babban Injiniya yana shigowa ofis ba, an cuce shi, kuma ya kamata ya nemi hakkinsa. Ƙarfe tara da rabi yake isowa. Sauran ma'aikata takwas suke kama aiki, amma kada wani ya kira wannan latti. Manyan ƙwaƙwale ba sa tashi lokaci ɗaya da ƙanana. Da kafaɗa yake turo ƙofa, jakar kwamfuta a hagu, waya a dama, katin shaidar aiki yana reto a ƙirji. Katin nan sau biyu aka buga shi. A na farko an rubuta "Injiniya" kawai, aka manta da "Babban", bawan Allah ya yi mako guda bai amsa gaisuwar kowa ba sai da aka gyara.

Kamfanin na aika saƙo ne. Ka kawo ƙunshinka, a manna masa lamba, a ba ɗan babur ya kai inda ka ce. 'Yan babur sun kai sittin, kuma ba mutum ne ke raba musu aiki ba. Manhaja ce, tana zaune cikin wata baƙar kwamfuta a wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, ita ke cewa wane ya ɗauki wannan, wane ya bi ta can. Babban Injiniya ne ya rubuta ta shekara shida da suka wuce. Ba sai ka tambaya ba, zai gaya maka. Ko hanyar banɗaki ka tambaye shi, ta nan amsar za ta biyo.

"Shekara shida," yakan ce, bayan ya ajiye waya don ya samu yatsun da za su isa lissafin. "Ko sau ɗaya ba ta faɗi ba. Ko tari ba ta taɓa yi ba. Ka san dalili? Domin duk ɗan wurin da ta ara a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ni na mayar da shi. Da hannuna."

Daga nan ya samo suna. A gabansa Yallaɓai ne, a bayansa Da-Hannuna. Har 'yan babur, waɗanda ba su san abin da yake mayarwa ba, sun riƙe sunan gam.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, ga yadda abin yake. Kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, wurin da take ɗora abin da take aiki a kai yanzu-yanzu, kuma wurin yana da iyaka. Kamar kofunan ɗakin shayi ne na ofis: kofi ashirin, masu sha hamsin. Ka ɗauka, ka sha, kofi ya koma, wani ya samu. Haka manhaja take yi. Duk saƙon da ya shigo sai ta ari ɗan wuri ta ɗora bayaninsa, in an kai saƙon wurin ya koma don na baya. Rigimar masu sana'ar duka a kan tambaya ɗaya take: wa zai mayar da kofin?

A wasu yarukan kwamfuta, mai rubuta manhaja ne ke mayarwa da kansa, kofi bayan kofi. Wannan hanya akwai sauri, kuma ba ta ɓarnar wuri. Matsalarta ɗan Adam. In ya manta ɗaya cikin dubu, kofuna za su riƙa raguwa a hankali har a wayi gari babu ko ɗaya. In kuma ya yi azarɓaɓi ya ɗauke kofin da wani bai gama sha ba, ɓarnar ta fi haka muni. A wasu yarukan kuwa an gina wani ɗan aike a ciki, masu sana'a suna ce masa mai kwashe shara. Lokaci-lokaci yakan zagaya ya tattara duk abin da aka gama da shi. Shi ba ya mantuwa. Amma in ya zo wucewa dole kowa ya ɗan ɗaga ƙafa, aiki ya tsaya na ƙiftawar ido, kuma sai an tanadar masa wuri fiye da kima kafin ya yi aiki da daɗi. Kowace hanya da inda take ciwo. Masu hankali sukan duba aikin da ke gabansu su zaɓa.

Da-Hannuna bai ɗauki abin zaɓi ba. A wurinsa maganar tarbiyya ce.

"Waɗannan masu dogara da mai kwashe shara," yakan ce wa sababbin ma'aikata, yana zagaya tebur hannu a baya, "ba injiniyoyi ba ne, 'yan gata ne. An saba musu su ci su tashi su bar kwano a inda suka zauna. Mu da muka koyi aiki lokacin da aiki yake aiki, abin da ka ɗauka kai za ka mayar. Ni ba na buƙatar mai shara, ko na mutum ko na inji. Domin ni ba na yin shara."

A nan dole a yi masa adalci, ko da ba da son rai ba. Mutumin ya iya aiki. 'Yan na'urorin da ake haska lambar saƙo da su, ƙwaƙwalwarsu ba ta fi cikin cokali ba, mai kwashe shara ba zai samu wurin juyawa a cikinsu ba. Shi ya rubuta musu manhaja, kuma har gobe kamar walƙiya suke. Da a nan ya tsaya, da ba mu da labari. Amma tun da hanyarsa ta yi daidai a wuri ɗaya, sai ya yanke hukuncin cewa duniya ce gaba ɗaya ta yi kuskure a sauran wuraren.

Teburin wannan gwarzo da ba ya yin shara abin zuwa kallo ne da yamma. Kafin a tashi aiki za ka ƙirga kofi biyar ko shida a kansa, wani da sauran shayi ya yi fata, wani an jefa masa ɓawon ayaba. Da safe kuwa tas. Bai taɓa tambayar inda kofunan suke kwana ba. A ganinsa tebur ne mai ɗa'a, ya ɗauko halin mai shi. Cajar Manaja ta shiga durowarsa tun bara da sunan aro na minti biyar. Birunan ofis in sun ɓata ba a nemansu, an san maƙabartarsu.

Wata rana matarsa ta zo ofis kawo masa tabarau da ya bari a gida. Ta tarar yana tsakiyar wa'azin ɗauka da mayarwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara har ƙarshe. Matar nan shekara goma sha huɗu tana tsintar safarsa a ƙarƙashin kujerar falo. Da ya gama, ta ajiye tabaran, ta ce, "Allah Ya ƙara basira, Baban yara," ta juya. Waɗanda ke kusa da matakala sun rantse sun ji dariyarta har ƙasa.

Sai bara aka ɗauki Uwar Biyu. Injiniya ce ita ma, shekararta goma a sana'ar, tagwayenta ne suka ba ta sunan. Ita ta rubuta manhajar da masu saƙo ke duba inda ƙunshinsu ya kai, kuma ta rubuta ta da yare mai kwashe shara. Da-Hannuna ya ɗauki wannan a matsayin zagi. Ya tara ma'aikata goma sha biyu a ɗakin taro, ya kunna manhajarta a babban allo, ya buɗe agogon wayarsa, ya ce kowa ya zuba ido, yanzu za su ga abin kunya. Aka zuba ido. Minti goma, minti ashirin. Wani ya fara gyangyaɗi. A minti na arba'in allon ya ɗan daskare ya ci gaba.

"Kun gani?" ya daka tsalle. "Kun gani da idonku? Rubu'in daƙiƙa! Mai shara ya zo wucewa, kamfani gaba ɗaya ya tsaya yana jiransa. Rubu'in daƙiƙa na rayuwar mai saƙo ya tafi, ba zai dawo ba har abada!"

Babu wanda ya yi ƙarfin halin tambayar inda minti arba'in na mutum goma sha biyu ya tafi.

Uwar Biyu ba ta musa ba. Ta ce, "Gaskiya ne, Yallaɓai, tana ɗan tsayawa. Ta kuma fi taka cin wuri. Amma ba ta mantuwa."

"Ni ma ba na mantuwa," in ji shi. Ya fita da ƙasaita, ya bar wayarsa a kan teburin taro.

Akwai mutum ɗaya a kamfanin da Babban Injiniya bai taɓa yi wa wa'azi ba, domin bai taɓa lura akwai ta ba. Ita ce Iya mai shara. Ta riga shi zuwa kamfanin, ta riga Manaja, ta riga ƙofar gilashin ma. Ƙarfe shida da rabi na safe take shigowa, kafin takwas ta gama ta tafi. Dattijuwa ce mai ƙarfin jiki, kowa "ɗana" ne ko "'yata" a bakinta. Aikin ba wani abin azo-a-gani ba ne, amma yana tafe da katin asibiti na ma'aikata, kuma da katin nan ake karɓar wa mijinta maganin ciwon suga duk wata. In babu aikin babu katin. Iya ta san haka, shi ya sa ko zazzaɓi ba ya hana ta fitowa.

Abin ya taso ne daga alheri. Wani babban kamfanin magunguna ya so ya riƙa ba su saƙonninsa, amma ya ce sai ya ga shaidar cewa manhajarsu ba ta faɗuwa. Manaja ya sa Uwar Biyu ta haɗa rahoto. Ta buɗe littafin da baƙar kwamfutar ke rubuta duk abin da ya same ta, littafin da ba wanda ya taɓa karantawa, domin mai manhajar ya ce karanta shi rashin yarda ne da shi.

Abu biyu ta gani. Na farko, wurin da manhajar ta ara a ƙwaƙwalwa yana hawa tun safe har yamma, kuma ba ya saukowa. Kowane saƙo yana barin ɗan abu a baya. A yini ɗaya rubu'in ƙwaƙwalwar ke cika, har da ɗan ɗori. Wato akwai kofin da ba a mayarwa. Na biyu, kowace safiyar aiki, ƙarfe bakwai saura ashirin, kwamfutar takan mutu. Bayan minti goma ta farka da kanta, bayanan saƙonni suna nan a ma'ajiya lafiya lau, ƙwaƙwalwa kuwa fes, kamar ba a taɓa ajiye komai a cikinta ba. Ba wutar lantarki ba ce, ginin yana da batura. Wani ne ke kashe ta.

Uwar Biyu ta jingina da kujera. Manhajar da ba ta taɓa faɗuwa ba shekara shida, ashe ba a taɓa barin ta ta yi kwana uku tana aiki a jere ba.

Don ladabi, ta same shi shi kaɗai, ta rufe ƙofa, ta nuna masa. Maganar tana da kai biyu, ya ji ɗaya. Batun kofin da aka manta ya wuce ta saman kansa kamar ba da shi ake ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne wani yana taɓa masa kwamfuta. Ya sauka ƙasa ya tsare maigadi, maigadi ya ce ai da sassafe ba mai shiga sai Iya.

Washegari aka kira Iya ofishin Manaja. Ta zo da tsintsiyarta a hannu, ta ɗauka wani abu aka zubar.

Ba ta ɓoye komai ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Barandar tana da kafet, injin zuƙe ƙura kuma wayarsa gajera ce. Soket ɗin da wayar ke kaiwa ɗaya ne tak, yana bayan ƙofar ɗan ɗakin nan. Baki biyu gare shi, ɗaya ya mutu tun da daɗewa, ɗayan kuma akwai baƙin filogi a ciki.

"Sai in yi bismillah in zare shi, ɗana, in sa nawa," ta ce wa Manaja. "In na gama in mayar da shi yadda na same shi. Ban taɓa mantawa ba ko sau ɗaya."

Babban Injiniya ya miƙe, ya gyara katin ƙirjinsa.

"Manaja, abin da ka ji yanzu sunansa zagon ƙasa. Shekara shida ana shaƙe wuyan manhajata kowace safiya, amma saboda ingancin ginin da na yi mata, tana tashi ta ci gaba kamar ba a yi ba. Ka yi tunanin abin da za ta yi in aka bar ta ta numfasa! Wannan ƙwaƙwalwa ce ta kamfani. Ba wurin da mai tsintsiya za ta sa hannu ba ne. Ko ita ko ni."

Uwar Biyu ta yi ƙoƙarin magana, ya ɗaga mata hannu. Manaja mutum ne mai tsoron abu biyu a duniya, kwamfuta da wanda ya iya ta. Ya kalli tebur, ya ce Iya ta ɗan huta a gida har a kammala bincike. Kowa ya san irin wannan bincike, ba a taɓa ganin ƙarshensa ba. Aka karɓi makullin sito, aka karɓi katin asibiti. A kan katin ne kawai hannunta ya yi nauyi. Ta riƙe shi ta ce maganin Malam, mijinta, saura na mako ɗaya, ko za a bari ta karɓo na wannan watan tukuna. Manaja ya ce doka ce. Ta miƙa, ta jingina tsintsiyar a bango a hankali, ta fita. Abin ya yi ciwo, kuma duk wanda ya gani ya ji kunyar kansa, ban da mutum ɗaya.

Shi wannan ɗayan kasuwa ya aika aka sayo masa ƙaton kwaɗo. Ya naɗe filogin da salatif har ba a ganin sa. Ranar Litinin da safe ya kunna kwamfutar da kansa, ya datse ɗakin, ya manna takarda a ƙofa da manyan baƙaƙe: BA MAI SHIGA SAI BABBAN INJINIYA.

Uwar Biyu, wadda tun ranar abinci ba ya mata daɗi, don rahotonta ne ya jawo, ta sake samun sa.

"Yallaɓai, don Allah ka saurare ni. Rubu'i da ɗori take ci kullum. Ba za ta wuce Alhamis ba. Alhamis kuma baƙi daga kamfanin magungunan nan za su zo."

"Lissafin tsoro ke nan," ya ce, yana murmushin tausayi. "Laifin yaren da kika koya ne, ya sa kin ɗauka kowa yana barin kwano a baya. Je ki, 'yar'uwa. Alhamis ki zauna a gaba, ki ga aiki."

Ta je wurin Manaja, Manaja ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwa ba, su daidaita a tsakaninsu.

Litinin ta wuce lafiya, Da-Hannuna ya zagaya tebur-tebur yana karɓar gaisuwa. Talata ma haka. Laraba manhajar ta fara jan ƙafa, ɗan babur ya haska lamba sai ya ɗan jira kafin a ba shi hanya. Babban Injiniya ya ce zafin gari ne. A ranar ce kuma aka nemi kofi a ɗakin shayi aka rasa. Mai karɓar baƙi ta leƙa ofishinsa ta tarar da goma sha bakwai a kan tebur da taga da saman durowa, wasu sun fara tsiro. Ya ce lallai a binciki wanda ke tara masa ƙazanta don a ɓata masa suna.

Alhamis ya zo ƙarfe tara, abin da ba a taɓa gani ba, cikin kwat da turare. Baƙi uku ne, shugabarsu wata mata mai ƙarancin magana da ɗan littafi a hannu. Aka zaunar da su a ɗakin taro, aka ba su shayi a kofin roba. Ya kunna babban allo, taswirar gari ta fito, 'yan ɗigo sittin suna yawo a kanta, kowane ɗigo ɗan babur.

"Abin da kuke gani," ya fara, "ba manhaja ba ce kawai. Tarbiyya ce. Sauran kamfanoni za su nuna muku manhajar da ke tsayawa tana jiran mai shara. Mu a nan mun kori shara, mun kori mai kwashe ta. Kowane ɗigo da kuke gani a allon nan, ni na ba shi wuri, kuma ni nake karɓe wurin, da..."

'Yan ɗigon suka tsaya.

Ya ɗan yi dariya, ya ce intanet ne. Mai kula da intanet ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce to allon ne. Aka canja allo. Daga tsakar gida aka fara jin hon, ɗaya, biyu, sannan sittin. 'Yan babur sun dawo sun yi cirko-cirko da ƙunshi a hannu, na'urorinsu masu saurin walƙiya suna haska lamba suna tambaya, babu mai amsa musu. Wayoyin ofis suka ɗauki ruri. Wata mata tana ihu a waya cewa kayan ɗinkinta na biki ne, wani yana tambayar takardunsa da za a rufe karɓa ƙarfe biyu.

Babban Injiniya ya buɗe kwamfutarsa ya shiga bugun madannai da ƙarfi, domin a ji ana aiki. Baƙar kwamfutar ba ta ko amsa sallamarsa ba. Babu sauran wurin da za ta ɗora sallamar. Layi dubu arba'in ya rubuta da hannunsa, kuma a cikinsu akwai wuri ɗaya da ya ɗauka bai mayar ba. Neman wurin aikin makonni ne. Gumi ya jiƙa kwat. Ya ce manhajar Uwar Biyu ce ta harbi tasa. Aka duba, tata tana nan tana aiki, tana ɗan tsayawa rubu'in daƙiƙa tana ci gaba, tana gaya wa duk mai tambaya cewa ƙunshinsa bai motsa ba.

Baƙuwar nan ta ɗaga biro. "Shekara shida ba ta faɗi ba, kuka ce. To me kuka canja a wannan makon?"

Manaja ya kalli silin.

"Mun sallami mai shara, ranki ya daɗe," in ji Uwar Biyu. Ta juya. "Yallaɓai, a kashe ta a kunna. Shi ke nan maganin."

Ya buɗe baki zai yi jawabi, hon ɗin tsakar gida ya rufe shi. Ya tashi ya nufi ƙarshen baranda, Manaja na bin sa, baƙi na bin Manaja, ma'aikata na bin baƙi. A bakin ƙofa ya laluba aljihun dama. Ya laluba na hagu. Ya zazzage jaka. Makullin kwaɗon yana gida, cikin wandon jiya, a inda ya cire shi.

Wani ɗan babur ne ya hau da sifana ya ɓalle kwaɗon. Babban Injiniya ya durƙusa a bayan ƙofa, gwiwa biyu a ƙasa, cikin ƙurar kwana shida da ba a share ba. Ya yi ta fama da salatif ɗin da ya naɗa da kansa, da farce, da haƙori. Ya zare baƙin filogin. Ya jira. Ya mayar. Bayan 'yan mintoci hon ya fara raguwa a tsakar gida, babura suka fara fita ɗaya bayan ɗaya.

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce wa baƙi abin da suka gani gwaji ne na gaggawa da aka tsara tun farko. Baƙuwar ta rubuta wani abu a littafinta. Da za ta tafi ta ce wa Manaja za su dawo bayan wata guda, kuma tana so ta ga an gyara manhajar, ko kuma ta ga dattijuwar nan a bakin aiki. In da hali, duka biyun.

Juma'a Manaja da kansa ya je gidan Iya da katin a aljihu, Uwar Biyu ta raka shi don kada ya ɓata hanya ko ya canja ra'ayi. Sun tarar saura ƙwaya biyu a kwalbar Malam. Iya ta karɓi katin ta juya shi gaba da baya, ta sa shi cikin aljihun ɗan tofinta. Ta tambaya ko wani ya shayar da shukar da ke bakin matakala.

Kwana tara Uwar Biyu ta yi kafin ta gano wurin. Layi ɗaya ne: manhajar takan kwafi adireshin mai karɓar saƙo, ta yi amfani da shi, ta bar kwafin a nan. Ta kai masa gyaran a takarda. Ya karɓa da yatsa biyu, ya ce ba a taɓa gini irin wannan da gaggawa, sai ya yi nazari. Takardar tana durowa tare da cajar Manaja. A maimakon gyara, sanarwa ya fitar mai shafi uku, mai taken "Tsarin Sabunta Ƙwaƙwalwa na Kowace Safiya, Ƙirƙirar Babban Injiniya", inda ya bayyana cewa bayan dogon bincike ya gano amfanin kashe kwamfuta minti goma kullum.

Manaja, wanda tsoronsa ya koma kan baƙuwa mai littafi, ya sa hannu, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa. Tun da doka ta ce ba mai shiga ɗakin sai Babban Injiniya, kuma shi ya kafa dokar, to shi zai riƙa zuwa ya buɗe wa Iya.

Saboda haka, duk mai son ganin Babban Injiniya yana shigowa ofis yanzu, sai ya yi sammako. Ƙarfe shida da rabi yake isowa, ido jawur, katin ƙirji a juye. Yakan tarar da Iya ta riga shi, tana tsaye a ƙarshen baranda da wayar injinta a hannu. Ranar farko ya buɗe sabon kwaɗon, ya gyara murya, ya fara yi mata bayanin matakai bakwai na Tsarin. Ta bar shi ya kai mataki na uku.

"Ɗana," ta ce, "matsa in zare, ko yau ma da hannunka za ka yi?"

Ya matsa. Ta yi bismillah, ta zare, ta sa nata. Kafin ta kunna injin ta waiwayo.

"Minti goma ne, kada ka tsaya haka nan. Akwai kofi shida a teburinka. Je ka mayar."